Me ya sa rediyon Baba ya koma ƙara, kuma shin dijital zai raba mu da ita?

"Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Tawa. Mahaifina dattijo ne da ya shafe shekaru yana sauraron tashoshin nesa a matsakaici da gajeren zango, musamman bayan sallar isha'i. Tun da muka sa wutar sola a gida da sababbin ƙwayayen fitila, rediyonsa ba ya fitar da komai sai ƙara da zuu, alhali tashoshin FM suna fita tas. Mun sauya rediyo har sau biyu amma ba ta canza zani ba. Wani abokina ya ce AM ta mutu, duniya ta koma dijital, kuma da ƙasarmu ta koma da an huta. Shin gaskiya ne? Idan haka ne, wane tsari ya dace da mu, kuma kafin nan me za mu yi wa tsoho?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri bisa kula da abin da yake ɗebe masa kewa. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: dalilin da ya sa rediyon da ya daɗe yana aiki ya koma ƙara tun ranar da sola ta shiga gida, da kuma ko komawa dijital zai kawo ƙarshen matsalar a ƙasa baki ɗaya. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a ɗakin na'urorin watsa shirye-shirye, yanzu kuma akasarin aikina a nan Yamai gyaran akwatunan rediyo ne da haɗa kayan sauti, kuma irin wannan koke ya zama ruwan dare a wurina. A ganina rediyon Baba lafiyarsa ƙalau, shi ya sa sauya shi sau biyu bai amfana komai ba. A cikin gidanku ake haifar ƙarar, ko a gidan maƙwabta. Shi kuwa dijital yana da alfanu na gaske, amma ba ya kashe ƙara, kuma makomarsa a wurinmu tana rataye ne a kan kuɗin akwatin da talaka zai saya.

Dalilin da AM take kwasar ƙara

Tashar rediyo tana aika wata igiya ta lantarki cikin sarari, mai kaɗawa kamar igiyar ruwa, sai ta ɗora muryar mai magana a kanta. A tsarin AM, wanda tashoshin matsakaici da gajeren zango suke amfani da shi, muryar tana cikin tashi da faɗuwar ƙarfin igiyar ne: idan mai gabatarwa ya ɗaga murya igiyar ta kumbura, idan ya sassauta ta lafa. A tsarin FM ƙarfin igiyar yana nan yadda yake, saurin kaɗawarta ne yake ƙaruwa yana raguwa. To, duk wani tartsatsin wuta, daga walƙiyar hadari har zuwa bujin babur, yana fitar da nasa bugun lantarki, kuma wannan bugu yana isowa akwati ne a matsayin ƙarin ƙarfi a kan igiyar. Akwatin AM ba shi da hanyar rarrabe ƙarfin da ya fito daga bakin mai karanta labarai da wanda ya fito daga tartsatsi, don haka yana mayar da su duka sauti. Akwatin FM yana aske duk abin da ya haura kan igiyar kafin ya fitar da murya, kuma don maganin wannan ƙara ce injiniyan Amurka Edwin Armstrong ya fito da tsarin a 1933. Ga shi kuma yawancin ƙarar da kayan lantarki suke fitarwa tana da ƙarfi a ƙananan zanguna, tana raunana kafin ta kai megahaz 87.5 zuwa 108 inda FM take (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ce a daƙiƙa, kilohaz ɗaya kuwa kaɗawa dubu), sannan tashoshin FM da kuke kamawa a cikin garin Tawa suke ko kewayensa, igiyarsu na isowa da ƙarfinta. Muryar da Baba yake nema ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta iso a gajiye, ƙaramin abu ya isa ya danne ta.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ya riga sola zuwa, kuma ya kamata ka ware shi gefe don kada ka ɓata lokaci kana neman maganinsa. A sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai shimfiɗun iska da hasken rana yake cika su da lantarki. Da rana shimfiɗar da ta fi kusa da ƙasa tana shanye igiyoyin matsakaicin zango, shi ya sa ba a jin komai sai tashar da ke kusa. Da faɗuwar rana wannan shimfiɗa tana bajewa, igiyoyin su haura su bugi ta sama da ita su dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta haka ne Rediyon Kaduna, wanda muka taso muna kamawa a kan kilohaz 594 da kuma 6090 a mita 49, yake ratsa tazarar kilomita 500 da ɗoriya ya iso Adar, yankinku na Tawa. Amma ƙofar da ta buɗe wa Kaduna ta buɗe wa kowa. Yarjejeniyar Janiba ta 1975, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, ta raba matsakaicin zango daga kilohaz 531 zuwa 1602, tazarar 9 tsakanin gurbi da gurbi, wato gurbi 120 kacal ga Afirka da Turai da Asiya. Dole tashoshi da yawa su haɗu a gurbi ɗaya, kuma da daddare manyan tashoshin Aljeriya da na Saudiyya suna faɗowa a kan namu. Idan Baba yana jin Larabci a ƙarƙashin Hausa, ko muryar tana tafiya tana dawowa kamar iska ke kaɗa ta, wannan ɗabi'ar sama ce, ba lalacewa ba ce. Haka nan da damina kowace walƙiya, ko da hadarin yana can Madawa ko Ƙonni, tana fitowa a rediyo kamar an karya busasshen kara. Na san manoma da suke gane ruwa na tafe daga wannan ƙara tun kafin gabas ta haɗe.

Inda sabuwar ƙarar take fitowa

Abin da ya canza a ƴan shekarun nan shi ne irin kayan wutar da suka cika gidajenmu. Da can caja ko adafta abu ne mai nauyi, da dunƙulen ƙarfe da naɗin waya a ciki, yana rage wuta a natse bisa saurin wutar gari, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa. Cajar waya ta yau ba ta da nauyi saboda wata dabara ce daban: tana yanka wutar, tana kunnawa tana kashewa sau dubbai masu yawa a cikin daƙiƙa guda. Ƙwan fitila na LED haka yake yi, na'urar da ke tsakanin fanon sola da batir haka take yi, ita ma inbata da ke mayar da wutar batir ta zama bolt 220 haka take yi. Kowace yanka tana da kaifi, kuma kaifin yana haifar da ƴaƴan igiyoyi a kan ninkin saurin yankan. Misali, na'urar da take yanka wuta sau dubu 50 a daƙiƙa za ta bar sawunta a kilohaz 550, da 600, da 650, haka har ƙarshen zangon, ta wuce zuwa gajeren zango. Wayoyin da aka ja daga rufin ɗaki zuwa batir, da waɗanda suka zagaye gida zuwa fitilu, su ne suke zama eriya su watsa wannan ƙara. Ka ga ke nan kun kafa ƙaramar tashar watsa ƙara a nisan taku biyar daga tabarmar Baba, tana gogayya da tashar da ke wata ƙasa.

Masu ƙera kayan sun san wannan sarai, kuma maganinsa ba shi da tsada: ƴan ƙananan kondansa biyu ko uku da ɗan naɗin waya a bakin shigar wuta, waɗanda suke tace ƙarar kafin ta bi wayoyi. Sau da yawa ina fasa caja ko gindin ƙwan fitila da aka kawo mini, sai in tarar an zana gurbin waɗannan kaya a kan allon, an huda ramukansu, an rubuta lambarsu, amma ramukan babu komai a ciki, an ɗinke wurin da guntun waya kawai. An cire su ne don a rage kuɗin ƙira, tunda fitilar za ta kama ko babu su, kuma mai saye a kasuwa ba shi da yadda zai gane. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin ribar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba, amma an toshe wa unguwa guda kunne.

Na taɓa zuwa wani gida a Bukoki inda wani dattijo yake da koke irin na Baba. Na ɗauki ƙaramin rediyo mai pil, na sa shi a wani gurbi da babu tasha, na riƙa zagaya tsakar gida ina kusantar kowane abu. Da na iso ƙofar madafa ƙarar ta tashi har sai da na rage murya. Ƙwan fitila guda ne rataye a bakin ƙofa. Jikarsa ta danna makunni, nan take gidan ya yi tsit, muryar mai karanta labarai ta fito daga akwatin tsohon kamar yana zaune a ɗakin. Sauran ƙwayaye shida da ke gidan ba su da wata matsala. Irin wannan na gani a rumfar mai cajin wayoyi a wata kasuwar ƙauye, inda caja kusan arba'in suke jere a kan allo ɗaya: duk wanda ya zauna kusa da rumfar ba ya kama komai a AM, sai ya yi nisa zuwa wajen masu dabbobi.

Akwai kuma ƙarar da take zuwa daga titi. Da hunturu ƙura tana taruwa a kan kaskon da ke riƙe wayoyin wuta a bisa turaku, wani lokaci kuma ƙulli ya saki, sai wuta ta riƙa tsalle a wurin tana fitar da gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa, ana jin sa a layi guda. Babura da injin janareto suna fitar da tasu ta buji, wadda take ƙaruwa idan an murɗa totur, ita ce ta fi sauƙin ganewa.

Abin da za ka gwada a gida

Ka fara da sa wa rediyon pil, ka cire shi daga wutar gida kwata-kwata. Da daddare, a lokacin da Baba ya saba sauraro, ka kashe inbata da dukkan fitilu, ka zare kowace caja daga soket. Idan tashar ta fito, ka tabbatar ɓarawon yana cikin gida. Sai ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya kana saurare har ka kama wanda yake tayar da ƙarar. Lokacin da take zuwa ma shaida ne. Ƙarar da take nan da rana ta ɓace bayan magariba ta fi kama da ta na'urar cajin batir, domin a lokacin rana take aiki. Wadda take farawa daidai lokacin kunna fitilu ta ƙwayaye ce. Wadda ba ta da dare ba ta da rana, ka tuhumi inbata, musamman irin mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul. Tunda ka ce bayan isha'i Baba yake sauraro, na fi zargin ƙwayayen ko inbatar. Ban ji ƙarar da kunnena ba kuma ban ga yadda aka ja wayoyin gidanku ba, saboda haka gwajin nan shi ne zai yanke hukunci, kada ka kashe kuɗi a kan zatona.

Idan ƙwai ne, ka sauya shi da wani samfuri, kuma ka tafi shago da ƙaramin rediyo ka sa a kunna maka shi ka kusantar kafin ka biya. Idan inbata ce ko na'urar caji, ka sa mai haɗa sola ya gajarta wayoyin, ya murɗe wayar ja da baƙa wuri ɗaya kamar tufkar igiya maimakon a bar su a warwatse, sannan a nemo zoben baƙin ƙarfen nan da ake gani a kumbure a jikin wayar tsofaffin kwamfutoci, a naɗa wayar a cikinsa sau biyar ko shida dab da inda take fita daga na'urar. A haɗa jikin na'urar da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ƙasarmu busasshiya ce, yashi ba ya karɓar wuta da kyau, don haka a kafa sandar inda danshi yake, kamar kusa da makwararar ruwan wanka. Mafi sauƙin duka kuwa shi ne nisa: ƙarfin irin wannan ƙara yana faɗuwa da sauri, matsar da rediyon zuwa ɗaya ɓangaren tsakar gida, nesa da ɗakin batir da wayoyin bango, kan isa wani lokaci.

A cikin kowane akwatin AM akwai wata baƙar sanda kwance a tsawonsa, naɗe da siririyar waya, ita ce eriyar matsakaicin zango. Sandar ƙarfen da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Baƙar sandar tana ji sosai ta gefenta, ba ta ji ta bakinta. Saboda haka Baba ya riƙa juya akwatin a hankali har fuskarsa ko bayansa ya kalli kudu maso gabas inda Kaduna take, ko kuma ya juya shi har bakin sandar ya nuna inda ƙarar take fitowa. Ga gajeren zango, waya mai tsawon mita 10 zuwa 20 da aka ɗaure a sama nesa da ɗaki, aka maƙala bakinta a sandar eriya, tana ƙara ƙarfi sosai. Sai dai ina roƙonka abu biyu: kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar gari, kuma a cire ta daga rediyon da zarar hadari ya taso. Idan ka kashe komai na gidanku amma ƙarar tana nan, ka fita da rediyon ka bi layi. In ta kai ka gidan maƙwabci, magana ce ta lalama, in ta kai ka gindin turken wuta, ka sanar da ma'aikatan wuta, kada kowa ya hau.

Muhawarar dijital

Abokinka yana da ƙamshin gaskiya ta wani ɓangare. Ƙasashe da dama na Turai sun rufe tashoshinsu na AM: gidajen rediyon gwamnatin Faransa da na Jamus sun bar matsakaicin zango a ƙarshen 2015, DW ta rufe tasharta ta gajeren zango da ke Kigali a wannan shekarar, Norway kuma ta kashe FM ɗin manyan tashoshinta a 2017 ta koma dijital. A Amurka wasu kamfanonin motoci masu aiki da lantarki sun cire AM daga motocinsu saboda injin motar kansa yana tayar da irin ƙarar da inbatarku take tayarwa, har aka gabatar da ƙudurin doka a majalisarsu a 2023 don a tilasta barin ta, kamfanin Ford ma ya janye shawararsa ta cirewa a wannan shekarar. Hujjar masu ƙudurin ita ce idan bala'i ya auku wuta da layukan waya suka yanke, tashar AM guda mai ƙarfi tana iya kai gargaɗi ga yanki mai faɗi. Wannan hujja ta fi ƙarfi a wurinmu fiye da wurinsu.

Kalmar dijital kuma ba abu ɗaya take nufi ba, a nan ne gardamar take. Akwai DAB, wanda Turai ta fi rungumar sa, har Tarayyar Turai ta wajabta sa akwatin dijital a sababbin motoci daga ƙarshen 2020. Yana aiki tsakanin megahaz 174 zuwa 230, yana tara tashoshi da yawa a kan na'ura ɗaya, amma isarsa irin ta FM ce, ƴan gomomin kilomita daga hasumiya. Ya dace da birni kamar Yamai inda gurabun FM suke cika, ba shi da abin da zai yi wa makiyayi a arewacin Abalak ko Tasara. Akwai HD Radio na Amurka, wanda hukumar sadarwarsu ta amince da shi a 2002. Dabararsa ita ce a bar muryar AM a tsakiya a jera bayanan dijital a gefe da gefenta, sai tashar ta mamaye faɗin kilohaz 30 a inda aka ba ta 10. Da aka ba da izinin amfani da shi da daddare a 2007, tashoshin maƙwabta suka fara kukan wani shuu yana rufe su daga nesa, tashoshi da yawa kuma suka kashe shi da kansu. A 2020 aka ba wanda yake so damar komawa dijital zalla. Tsari ne mallakar kamfani guda da ake biyan lasisi, an gina shi a kan tazarar kilohaz 10, mu kuwa tamu 9 ce. Maganin da ya ƙara wa maƙwabci ƙara ba shi ne namu ba.

Na uku shi ne DRM, wanda wata haɗaka ta gidajen rediyo da masu ƙera na'urori ta kafa a 1998 aka ƙaddamar da shi a Janiba a 2003. An ƙera shi musamman don matsakaici da gajeren zango, yana zama a cikin gurbin kilohaz 9 ko 10 ba tare da ya tsallaka ba, kuma ƙa'idojinsa a buɗe suke ga duk mai son ƙera akwati. Na saurare shi ta hanyar kwamfuta da ƙaramar na'urar kamawa, kuma abin mamaki ne ka ji tashar da ke dubban kilomita tana fita kusan kamar FM, da sunanta a rubuce. Gurbi ɗaya yana iya ɗaukar shirye-shirye har uku, wato Hausa da Zabarmanci da Tamashek a lokaci guda daga na'ura ɗaya, da rubutattun labarai, da hanyar tayar da akwatuna don gargaɗin gaggawa. Yana kuma rage cin wuta, domin a tsarin AM kashi biyu cikin uku na ƙarfin na'ura, ko fiye, yana tafiya ne a kan igiyar ɗauka wadda ba ta ɗauke da magana. Duk wanda ya taɓa ganin yadda babbar na'ura take shan gazuwal ya san nauyin wannan. Indiya ce ta fi nisa a kansa, da manyan na'urori fiye da 30 a matsakaicin zango da miliyoyin motoci masu akwatinsa. A nahiyarmu Muryar Najeriya ta buɗe tashar gajeren zango mai iya watsa DRM a Lugbe kusa da Abuja a 2012, Afirka ta Kudu kuma ta fitar da manufa a 2020 da ta haɗa DRM da DAB.

Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Igiyar dijital tana bi ta cikin iskar da ta AM take bi, ƙarar inbata tana dukan ta kamar yadda take dukan waccan. Bambancin shi ne akwatin dijital yana iya gyara kurakurai har zuwa wani mataki, sai ka ji sauti tas kamar babu wata ƙara. Da zarar ƙarar ta haura wannan mataki sai muryar ta yanke ɗif. A AM kunnen mutum yana iya tsamo magana daga cikin hayaniya, kuma dattawa irin Baba gwanaye ne a wannan. A dijital babu abin tsamowa, ko dai ka ji duka ko ka ji shiru. Da a ce yau Kaduna ta koma DRM kuma ƙwan fitilar nan yana rataye a kan Baba, mai yiwuwa shirun zai samu.

Abin da nake gani ya dace da mu

Faɗin ƙasarmu murabba'in kilomita 1,267,000 ne, galibinsa fili da hamada. Muryar Sahel, wadda ta faro a matsayin Rediyon Nijar a 1958, ta daɗe tana isa lungunan ƙasa ta gajeren zango a kan kilohaz 5020 da 9705, kafin nauyin aikin ya koma kan tashoshin FM na jihohi. Rediyoyin karkara, tun daga na farko da aka buɗe a Bankilare a 1999, sun yi aiki babba wajen kai magana cikin harshen mutane, amma kowanne da'irarsa ƙarama ce, kuma tsakanin da'ira da da'ira akwai rijiyoyi da mashekari inda babu FM, babu layin waya. Na kwana a irin wannan wuri a hanyar Cintabaradan, inda babu wayar wuta ko ɗaya, na ga makiyayi ya ciro ƙaramin rediyo daga jakar fata, ya zaro eriya, tashoshin nesa suka fito garau fiye da yadda nake jin su a Yamai da kayan aiki masu tsada. Zangon da ake cewa ya mutu yana aiki a can kamar yadda yake aiki shekaru hamsin da suka wuce.

Saboda haka, idan za a zaɓi tsarin dijital don isa nesa, DRM nake goyon baya ba tare da jinkiri ba, kuma duk sabuwar na'urar matsakaici ko gajeren zango da za a saya ya kamata ta zama mai iya AM da DRM duka, tunda na'urorin zamani suna yin hakan. Abin da ba na goyon baya shi ne a kashe AM kafin akwatin ya iso hannun mutane. Rediyon makiyayin nan ƴan jikkuna ne kuɗinsa, pil biyu suna kai shi makonni, duk mai gyara a kasuwar mako yana iya buɗe shi. Akwatin DRM ya ninka shi kuɗi sau da yawa, ya fi shi cin batir, kuma ban taɓa ganin sa a kan teburin mai sayarwa a kasuwannin Yamai ba. Mun ga darasi a talabijin: yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawa dijital, yawancin ƙasashen yankinmu ba su cika shi ba, alhali talabijin ana iya maƙala mata dikoda a ci gaba da amfani da tsohuwar. Ƙaramin rediyo ba shi da inda za a maƙala masa komai, sai dai a jefar a sayi sabo. Indiya ma a motoci aka fi samun akwatunan, kuma yawancin masu sauraronmu na nesa ba a mota suke ba.

Akwai aikin da ya fi wannan gaggawa kuma ya fi araha, wanda zai amfani AM ta yau da dijital ta gobe. Akwai ƙa'idojin duniya da suka iyakance yawan ƙarar da caja ko fitila ko inbata za ta fitar, kuma hukumomin da ke kula da zanguna, irin ARCEP a nan, tare da masu kula da ingancin kayan da ke shigowa, su ne suke da hurumin sa ido a kai. Sola alheri ce babba ga garuruwanmu, ba na son kowa ya fahimci maganata a matsayin suka gare ta, kuma tana ƙara shiga ƙauyukan da rediyo ne kaɗai hanyarsu ta jin duniya. Idan kayan da ake kai musu marasa matacin ƙara ne, za a ba su haske a karɓe musu labarai. Masu haɗa sola ma suna da rawar takawa, domin murɗe waya da kafa sandar ƙasa aikin minti kaɗan ne idan an koya musu tun farko.

Kai kuma, Malam, ka yi gwajin kashe komai a daren yau ko gobe, Baba yana zaune da rediyonsa a kan tashar da ya saba. Idan ka sake rubutowa, ka gaya mini wane abu ne ƙarar ta dawo da ka kunna shi, da irin sautinta, ko gurnani ne mai kauri ko shuu ne ko tsiwa mai kaifi, da kuma samfurin inbatar da tsawon wayar da ke tsakanin fano da batir. Da waɗannan zan iya gaya maka ko zoben ƙarfe zai isa ko sai an sauya na'urar. Ka gaishe mini da Baba.